Idan Tirela Ta Yi Ɓarna: Abin Da Ya Kamata A Sani Kafin A Yafe



Duk mazaunin yankin Zabi, Dogarawa, Kwangila, Hanwa, Palladan har zuwa Samaru a nan Zariya ya san manyan motoci maƙwabtanmu ne. Hanyar Kaduna zuwa Kano ta ratsa mu, ta Funtuwa da Sakkwato kuma ta tashi daga Kwangila ta bi ta ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello ta wuce Shika. Dare da rana tireloli da tankokin mai da motocin siminti suna cuɗanya da 'yan acaba da masu keke da yara 'yan makaranta. A aikina na lauya, yawancin waɗanda haɗarin babbar mota ya shafa ba sa zuwa wurina sai an riga an yi sulhu, an sa hannu, an saki mota. Shi ya sa na ga gara in yi wannan bayani tun kafin buƙatarsa ta taso.

Kusan kullum salon ɗaya ne. Ranar sadakar uku sai ga wakilin mai mota tare da wani babba daga ƙungiyar direbobi, da buhun shinkafa da ambulan. A yi addu'a, a shafa. Sai baffan mamaci ya ce ƙaddara ce, sun bar wa Allah. Washegari a kira shi ofishin 'yan sanda, a miƙo masa takarda da Turanci, a ce ya dangwala yatsa don a saki mota kawai. Matar mamacin tana ɗaka cikin takaba, ba wanda ya tambaye ta. Bayan wata shida, kuɗin haya da na makarantar marayu sun taso, lokacin ne za a karanta takardar a ga ashe an rubuta cewa iyali sun karɓi cikakken haƙƙinsu, ba za su sake neman komai ba.

Yafiya alheri ce, ba mai musun wannan. Amma karɓar diyya ba sayar da mamaci ba ne, kuma ba rashin tawakkali ba ne. A Suratun Nisa'i, aya ta 92, Allah ya wajabta diyya a kisan kuskure, a miƙa ta ga iyalin mamaci, sai fa idan su ne suka yafe. Malamai sun ƙaddara ta da raƙuma 100 ko dinari 1,000 na zinariya, kuma rabon gado ake yi mata. Ke nan baligi yana iya yafe nasa kason, amma baffa ba shi da ikon yafe na matar mamaci, balle na marayun da ba su balaga ba.

Wa ake bi bashin? Mutane da yawa suna tausaya wa direba, su ce shi ma talaka ne, me zai iya biya? A doka, idan direba ya yi ganganci yana bakin aikin da aka sa shi, alhakin yana hawa kan mai motar ko kamfanin da ya ɗauke shi. Bayan mai mota kuma akwai kamfanin inshora. Dole ne kowace mota da ke kan titi ta kasance da inshorar da za ta biya wanda aka yi wa ɓarna. Tun daga 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora, wato NAICOM, ta sa kuɗin wannan inshora ga manyan motocin dakon kaya naira 100,000 a shekara, kuma inshorar tana biyan ɓarnar dukiya, kamar babur ko shago ko katanga, har naira miliyan 5. Rai da rauni kuwa ba a yanke musu iyaka ba, gwargwadon asarar da aka tabbatar ne. Don haka wanda ya ƙi nema saboda tausayin direba, sau da yawa kamfanin inshora ya yi wa rangwame, ba direba ba.

A kuma bambance shari'a biyu. Wadda 'yan sanda suke kai direba gaban majistare ta laifin tuƙin ganganci ce, tsakaninsa da hukuma. Ko an ci shi tara, aljihun gwamnati kuɗin zai shiga. Neman diyya ƙara ce daban, ku ne za ku shigar da ita, galibi a Babbar Kotun Jiha, kuma tana zama a nan Zariya. Bayar da belin direba ko sakin mota bai kashe wannan haƙƙi ba. Takardar da kuka sa wa hannu ce kan kashe shi.

Kotu da hujja take aiki, hujja kuwa a ranar farko ake tara ta. Ceton rai ne gaba da komai: a kira jami'an kiyaye haɗurra a lamba 122, a garzaya asibiti. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa. Sannan wani daga cikin dangi ya tsaya a wurin. Ya ɗauki hoton lambar kan tirela da ta bodin, domin sau da yawa sukan bambanta. Ya ɗauki sunan kamfanin da ke jikin ƙofa, da sawun taya a kan kwalta, da inda motar ta tsaya kafin a janye ta. Ya karɓi lambar wayar shaidu biyu ko uku, ko mai shayi ne ko mai faci. A tabbatar 'yan sandan sashen motoci sun zana taswirar wurin, jami'an duba lafiyar motoci sun duba birki da tayoyi sun rubuta rahoto. Takardar inshorar ma a duba ta, domin jabu sun yi yawa: danna *565*11# a waya ka sa lambar motar, za ka ga ko tana cikin rajista.

Daga nan sai adana takardu. Katin asibiti, hoton ƙashi, rahoton likita, takardar shaidar mutuwa, da rasit na kowane magani ko da na naira 500 ne. Na riƙe shari'ar wani ɗan acaba da ya karye a cinya. Daga asibitin Shika 'yan uwa suka ɗauke shi zuwa wurin mai ɗori a ƙauye, aka sayar da akuyoyi aka biya, ba rasit ko ɗaya. Kotu ta ba shi diyyar wahala da naƙasa, amma kuɗin jinyar da ba takarda ta ƙi amincewa da su. Haka ƙa'idar take: abin da ka ce ka kashe, sai ka nuna shi a rubuce.

Kada a yi nawa. Doka ta sa wa'adin shigar da ƙara, idan ya wuce ko gaskiyarka ta kai ina ba za a saurare ka ba. Idan motar ta wata hukumar gwamnati ce, wa'adin yana iya zama wata 3 kacal. Kamfanin inshora ma a sanar da shi a rubuce da wuri. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi Hukumar Ba Da Agajin Shari'a ta ƙasa, ko cibiyar taimakon shari'a ta Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo.

Mu ma da namu laifin. Wanda ya bi hannun da ba nasa ba da babur, kotu za ta rage masa diyya gwargwadon sakacinsa. Masu hawa saman tirela a kan kaya ko shanu su sani ba lalle inshorar motar ta ɗauke su ba. Matasa kuma, ƙona mota bayan haɗari ƙona hujja ne: birkin da za a gwada ya tafi, takardun sun tafi, ga kuma sabuwar shari'a a kan 'ya'yan unguwa.

Ba kowace magana ce sai ta je kotu ba, sulhu yakan fi sauri da sauƙi. Amma a yi shi bayan an san girman raunin, a gaban dukkan magada, a rubuce, kuma wanda ya san doka ya karanta kafin a sa hannu. Ina roƙon masu unguwanni da limamanmu, idan aka kira ku zaman sulhu irin wannan, ku fara tambayar ina matar mamaci, kuma wa ke tsaye a kan haƙƙin marayu. Allah ya tsare mu da iyalanmu a kan hanya.