DARASI: NISAN YAMAI ZUWA JIDDA DA SALLAR MATAFIYI

 Ya ku ƴan'uwa, duk shekara idan tashin maniyyata ya ƙarato ana tambayarmu: wanda jirgi ya kai Jidda cikin yini guda, ko kasaru ta halatta gare shi?

Mu fara da nisan. Tsakanin Yamai da Jidda, idan aka miƙe ta sama, akwai kimanin kilomita 4,000. Jirgi yana cin fiye da kilomita 800 a awa, saboda haka yakan isa cikin awa 5 ko fiye kaɗan in bai yada zango ba. Lokacin yakan ƙaru, kamar yadda ya faru a 2023 da yaƙi ya ɓarke a Sudan, aka rufe sararin samaniyarta, jirage suka riƙa kewayawa. Kakanninmu kuwa da ƙafa da jakuna suka bi wannan hanya, ta Barno da Wadai da Darfur har gaɓar Bahar Maliya. Wasu sun yi shekaru a hanya, wasu suka zauna a Sudan, jikokinsu suna can har yau.

A mazhabar Imamu Malik, kasaru tana rataye da nisa ne, ba da yawan awoyi ko wahalar hanya ba. Iyakarsa baridi 4, wato mil 48, kimanin kilomita 80 da ƴan kai. A cikin Muwaɗɗa an kawo cewa Ibnu Abbas yana kasaru a misalin abin da ke tsakanin Makka da Jidda. To ina ga wanda ya keta ninkin wannan kusan sau 50? Laushin kujera ba ya hana shi rangwamen. Azahar da La'asar da Isha'i raka'a biyu-biyu ne, Magariba da Asuba suna nan yadda suke. In ya yi niyyar zaman kwana 4 cikakku a wuri guda, sai ya cika.

Inda da yawa suke tuntuɓe shi ne agogo. Saudiyya tana gaban Nijar da awa 2, kuma mai tafiya gabas yininsa gajarta yake yi. Wanda ya tashi Yamai ƙarfe 9 na safe zai sauka agogon hannunsa yana nuna 2 na rana, alhali a Jidda ƙarfe 4 ne na yamma. Yana zaton yanzu Azahar ta yi, ga shi La'asar ta riga ta shiga. Lokacin salla yana bin ranar wurin da mutum yake, ba ta garin da ya baro ba. Don haka a shiga jirgi da alwala, a tambayi malamin ayari tun kafin tashi yadda za a yi da sallar da za ta riski mutane a sama, a kuma gyara agogo da zarar an sauka.