Launukan Kaka

1. Kaka ta yi a Galma

Galma Kudawace tana cikin yankin Madawa, jihar Tawa. Yawancin mutanenta manoma ne da makiyaya. A watan Oktoba ruwan sama yana ɗaukewa, hatsi ya nuna, dawa ta yi ja. Maza suna yanke zangarniya suna ɗaure dammuna. Amalanke da jakai suna kai su rumbu. Mata suna roron wake. A cikin wannan wata ne kuma ake komawa makaranta.

Ran nan da safe Malam ya ce wa ƴan aji uku: “Jibi za ku yi zane mai launi. Kowa zai zana kaka.”

Yara suka yi murna, amma murnar ba ta daɗe ba. Fensiran launi na aji sun ƙare tun bara, saura guntaye biyar cikin gwangwani. Sani kaɗai ke da nasa, babansa ya kawo masa daga Konni. Rabi ta sunkuyar da kai. Ta san ba za a saya mata ba, don gonarsu ba ta yi kyau ba bana.

2. Hoton cikin littafi

Sani ya buɗe littafin Faransanci, ya nuna wani hoto. Itatuwa ne dogaye, ganyensu ja da rawaya, yana zuba ƙasa. Ya ce: “Malam, ga kaka nan. Ita zan kwafa.”

Malam ya ɗaga littafin, ya ce: “Wa ya taɓa ganin wannan itace a Galma?”

Aji ya yi tsit.

Malam ya ce: “Wannan hoton ƙasar Faransa ne. Can suna da wani lokaci da suke kira automne. Yana farawa wajen ƙarshen Satumba, ya ƙare cikin Disamba. Rana tana gajarcewa, sanyi yana shigowa, sai ganye ya sake launi, ya zube. A nan Adar rashin ruwa ne ke busar da ganye. Amma abin da ke faruwa cikin ganyen kusan ɗaya ne.”

Ya ci gaba da bayani. Cikin kowane ɗanyen ganye akwai wani abu tsanwa, sunansa kulorofil. Da shi tsiro ke haɗa abincinsa daga hasken rana da ruwa da iska. In tsiro ya daina aiki, wannan abu sai ya lalace. Launin rawaya da ke ɓoye a ƙarƙashinsa sai ya bayyana. Shi ya sa ganyen hatsi da na wake suke komawa rawaya kafin su bushe.

Malam ya rufe littafin, ya ce: “Kakar Galma za ku zana. Mai zane da ido yake farawa, hannu ya biyo baya. Ku tashi.”

3. Yawon kallo

Suka fita bayan gari, biyu biyu. Malam ya yi musu gargaɗi uku: kada a shiga gonar mutum sai da izininsa, kada a ɓare bawon itace, kada a sa kome a baki.

Kowa ya riƙa faɗin abin da ya gani. Iro ya ce karan hatsi rawaya ne. Hadiza ta ce ba duka ba, gindinsa ruwan ƙasa ne. Wani ya nuna zangarniyar dawa, ja wur. Wata ta nuna duwatsun tudu, waɗansu ja, waɗansu baƙi-baƙi. Sama kuma ta yi shuɗi mai haske, ba hadari ko kaɗan.

Malam ya ce: “To, ina tsanwa?”

Yara suka duba. Ciyawa ta bushe, kuka ta fara zubar da ganye. Sai Rabi ta nuna wani babban itace a tsakiyar gona, ta ce: “Ga gawo, Malam. Yanzu yake fitar da sabon ganye.”

Malam ya ce: “Madalla. Gawo ya saɓa wa sauran itatuwa. Da damina yana zubar da ganye, bai tare wa shuka rana, ganyen kuma ya zama taki. Da kaka sai ya yi sabo. Wanda ya zana kaka ba gawo, zanensa bai cika ba.”

Suka komo da jar ƙasa cikin gwangwani, da farar ƙasa, da ƴaƴan bagaruwa da suka tsinta, da ɓawon albasa, da jan soɓorodo da wani manomi ya ba su.

A hanya Iro ya dubi hannun Rabi, ya yi dariya, ya ce: “Ku ga hannunta ja kamar ta yanka kaza!”

Rabi ta ɓoye hannunta cikin zane. Malam ya tambaye ta abin da ya rina shi. Ta ce a hankali: “Karan dafi ne. Ina taya Kaka rina kaba.”

4. Kakar Rabi ta zo makaranta

Yankin Madawa ya yi suna wajen saƙar tabarmi. Kakar Rabi tun tana yarinya take saƙa. Yanzu masu saƙa da yawa galurar kasuwa suke saye, ita kuwa ba ta bar rinin da ta gada ba.

Da la’asar Malam ya je gidansu, ya yi sallama, ya durƙusa ya gaishe ta. Ya ce: “Inna, roƙo na zo yi. Ina so gobe ku zo ku koya wa yara yadda ake fitar da launi.”

Tsohuwa ta yi dariya, ta ce: “Ni da ban san ko baƙi ɗaya ba, me zan koyar a lakol?”

Malam ya ce: “Abin da kuka sani babu shi cikin littafinmu, Inna.”

Ta dubi Rabi, ta ce: “To, kishiyata, sai ki ɗaukar mini ƙorena.”

Washegari aka shimfiɗa mata tabarma a inuwar bedi. Ta jera ƙananan ƙore shida.

Ta fara da ja. Ta nuna musu karan dafi. Wata irin dawa ce da ake shukawa don rini. Jan yana cikin kuben ganye, wanda ya rungume kara. Ta daka kuben, ta jiƙa shi cikin ruwa, ta jefa ɗan guntun kanwa. Nan da nan ruwa ya yi ja. Ta ce da shi dukawa ke rina jar fata.

Sai rawaya. Ta kwance wani ƙulli, ta zuba gari cikin ruwan ɗumi. Ta ce saiwar wani tsiro ce da ya fi yawa a ƙasashen kudu, ana sayar da ita a kasuwa. Sunan tsiron rawaya, daga gare shi launin ya samo sunansa.

Baƙi kuma tun jiya ta haɗa shi. Ta daka bagaruwa, ta jiƙa ta tare da tsofaffin ƙusoshi masu tsatsa. Ruwan bagaruwa shi kaɗai ruwan ƙasa ne. In ya haɗu da ƙarfe sai ya yi baƙi.

Ɓawon albasa ta tafasa shi a gida, ya ba da ruwan ƙasa mai ja-ja. Jar ƙasa da farar ƙasa kuwa yara suka niƙa su a kan dutse, suka tankaɗe da tsumma, suka dama.

Hadiza ta shafa jar ƙasa a kwali. Da ta bushe, ta goga da yatsa, sai ta kakkaɓe. Ta ce: “Malam, ba ta zauna ba.”

Malam ya ce: “Ƴan makarantar allo, me ke riƙe tawada a jikin allo?”

Yara da yawa suka ce: “Ƙaro!”

Aka jiƙa ƙaro, aka ɗiga kaɗan cikin kowace ƙwarya. Hadiza ta sāke shafawa. Wannan karo launi ya kama.

Daga nan tsohuwa ta ce su matso. Ta raba ruwan soɓorodo gida biyu. Ta zuba ruwan tsamiya cikin ɗaya, ya ƙara ja. Ta jefa kanwa cikin ɗayan, sai ya juye, ya yi duhu tsakanin shuɗi da tsanwa. Yara suka yi ihu. Malam ya ce ba dabo ba ne: launin soɓorodo yana sākewa in ya gamu da abu mai tsami ko abu mai kanwa.

Saura shuɗi. Kaka ta ce shuɗi na ainihi daga baba yake fitowa, aikin marina ne, irin na Ƙofar Mata a Kano, yana ɗaukar kwanaki. Sai aka sayo bular wanki a wajen mai tebur.

5. Ranar zane

Kowa ya zo da kwali ko bayan tsohon kaye. Waɗansu suka tauna bakin sabon asawaki ya yi laushi, suka yi shafi da shi. Waɗansu suka yi da gashin kaza. Masu jan layi suka fiƙe kara kamar alƙalami.

Malam ya rubuta a allo:

ja da rawaya: ruwan goro
rawaya da shuɗi: tsanwa
ja da shuɗi: shunayya

Ya ce a fara fitar da siffa da fensir. A shafa launi mai haske tukuna, a bari ya bushe, sannan a ɗora mai duhu. In ana son launi ya yi haske, a ƙara ruwa.

Iro bai jira ba. Ya zuba launi huɗu cikin murfi ɗaya, wai ya sami mafi kyau. Abin ya zama kamar taɓo. Ya ɓata rai. Rabi ta miƙa masa nata murfin, ta nuna masa yadda ake ɗiga shuɗi kaɗan kaɗan cikin rawaya. Ya samu tsanwa, ya yi wa gawonsa ganye. Bai ƙara maganar hannunta ba.

Sani ya ajiye fensiransa, ya zana amalanken babansa da dammunan hatsi. Hadiza ta zana mata suna sussuka. Rabi ta zana gonarsu yadda take: kara tsaitsaye, dammuna kaɗan a gindin gawo, da kakarta zaune tana saƙa.

Malam ya daɗe yana duban zanen Rabi. Ya ce: “Me ya sa dammunan ba su da yawa?”

Ta ce: “Iyakar abin da muka samu ke nan, Malam.”

Ya ce: “Kin zana abin da idonki ya gani. Haka ake so.”

6. Bayan mako biyu

Aka liƙa zane-zanen a bango. Bayan mako biyu yara suka lura da wani abu. Waɗanda ke kusa da taga, inda rana ke bugawa, jan soɓorodonsu ya koɗe. Jar ƙasa kuwa tana nan yadda aka shafa ta.

Malam ya ce: “Launin tsiro rana tana cin sa. Launin ƙasa ya fi daɗewa. A shekarar 1940 waɗansu samari sun gano wani kogo a Lasko, ƙasar Faransa. A bangonsa akwai zanen dawaki da shanu da aka yi da launin ƙasa, shekaru wajen 17,000 da suka wuce. Har yau ana ganin su.”

Aka mai da zane-zanen bangon da rana ba ta kaiwa. Ranar taron iyaye, kakar Rabi ta zo da wuri. Ta tsaya gaban zanen jikarta, ta ce: “Kishiyata ta rage mini tsawo.” Kowa ya yi dariya. Kafin ta tafi, ta bar wa aji ƙullin irin karan dafi, a shuka a lambun makaranta in damina ta faɗi.

Kalmomi cikin Hausa da Faransanci

launi: la couleur
ja: rouge
rawaya: jaune
tsanwa ko kore: vert
shuɗi: bleu
baƙi: noir
fari: blanc
ruwan ƙasa: marron
ruwan goro: orange
shunayya: violet

Tambayoyi

1. A wane wata kaka ke kamawa a Galma? Waɗanne ayyuka ake yi a lokacin?
2. Me ya sa Malam bai yarda a kwafi hoton littafi ba?
3. Me ke sa ganye ya koma rawaya?
4. Ta yaya gawo ya bambanta da sauran itatuwa?
5. Daga ina kakar Rabi ta fitar da ja, da rawaya, da baƙi?
6. Mene ne amfanin ƙaro cikin launi?
7. Kalmar “kaka” tana da ma’ana biyu cikin wannan karatu. Ku faɗe su, ku yi jimla da kowace.

Aiki

1. Ku tambayi wani dattijo ko wata tsohuwa a gidanku abin da ake rini da shi a da. Ku rubuta amsar cikin jimla biyar.
2. Ku shafa jan soɓorodo da jar ƙasa a kan kwali biyu. Ku ajiye ɗaya a rana, ɗaya a inuwa. Bayan kwana bakwai ku rubuta abin da kuka gani.
3. Ku zana gonarku ko ta maƙwabcinku da launi uku da kuka haɗa da kanku. Tafasa ruwa aikin manya ne. In kun gama, ku wanke hannu da sabulu.