Jan Kifi a Kwalba: Amsa ga Mai Sauraro daga Nima

Wata baiwar Allah daga Nima, a birnin Accra, ta ce ɗanta ya sayo jan kifin ado guda biyu ya zuba su a kwalba. Shin za su rayu?

To Hajiya, gaskiya kwalba ta yi musu kaɗan. Kifin nan asalinsa daga China yake, dangin kifin ruwan sanyi ne da ake kira kaf, kuma idan ya samu kulawa yakan kai tsawon santimita 20, ya haura shekara 10. Ga shi da ci, ga yawan kashi, nan da nan ƙaramin ruwa ya zama guba.

Ki nemi akwatin gilashi mai cin lita 75 ga kifi ɗaya, wato jarkar ruwan da ake kira galan ɗin Kufuor guda uku zuwa huɗu, ki ƙara lita 40 saboda na biyun. Mai faɗi ya fi mai zurfi, domin ta saman ruwa iska ke shiga. Da zafin Accra, ga dumsor, wato ɗauke wutar lantarki, mai kashe famfon da ke hura iska cikin ruwan, faɗin nan ne zai cece su. Ruwan famfo kuwa, bar shi ya kwana kafin ki zuba.