Sa'ad Da Mashayi Ya Tuba: Me Ya Sa Za Mu Kai Shi Asibiti?

Karatu: Misalai 23:29-35, Luka 10:30-37, Luka 11:24-26

'Yan'uwa, mukan yi murna ƙwarai sa'ad da mashayi ya tashi cikin sujada ya ce ya bar giya. Murnar daidai ce. Amma akwai abin da ya kamata dattawa da mata masu zumunta su sani, gama rashin saninsa yana sa mu binne waɗanda muka yi wa addu'a.

Mutumin da ya yi shekaru yana shan burukutu ko ogogoro kowace rana, jikinsa ya riga ya saba. Giya takan danne ƙwaƙwalwa, ƙwaƙwalwa kuwa takan ƙara ƙarfi domin ta ture dannewar. Idan aka janye giyar farat ɗaya, sai ƙarfin nan ya rasa abin da zai tare shi. Bayan awa 6 zuwa 24 hannu ya soma rawa, zufa ta keto, barci ya ƙi zuwa. Cikin kwana biyu na farko waɗansu sukan faɗi kamar masu farfaɗiya. A rana ta biyu zuwa ta huɗu mafi muni yakan zo: zazzaɓi, zuciya tana bugawa da sauri, mutum bai san inda yake ba, yana ganin macizai da ƙwari a bango. Marubucin Misalai ma ya lura idanun mashayi sukan ga baƙin abubuwa.

A nan ne mukan ruɗe. Sai a ce iskoki ne suna fita, a ɗaure mutum, a sa shi azumi, a kwana ana waƙa a kansa. Ba mu raina addu'a ba, ko kaɗan. Amma wannan ciwo ne na jiki, yana kisa, azumi kuwa ƙara masa wuta yake yi, tun da ruwan jiki ya riga ya ƙare. Basamariyen nan bai tsaya a bakin hanya yana wa'azi ba. Ya ɗaure raunukan, ya ɗauki mutumin ya kai shi masauki, ya biya dinari biyu daga aljihunsa.

A asibiti likita yakan ba da magani irin su diazepam, wanda ke kwantar da ƙwaƙwalwa a maimakon giyar, sa'an nan ya riƙa rage shi kaɗan kaɗan cikin kamar mako guda. Akan yi allurar bitamin B1, gama mashayi ya rasa shi, rashinsa kuwa yana lalata tunani har abada. Akan ƙara ruwa, masu jinya suna duba bugun jini dare da rana. Ana wannan aiki a asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya, kamar na Barnawa a Kaduna, da na Kware kusa da Sakkwato, da na Maiduguri. Kada kunyar sunan asibitin ta hana mu. A faɗa wa likita gaskiya: me yake sha, nawa, yaushe ya sha na ƙarshe.

Na samarinmu masu shan tramadol da kodin dabam ne. A 2018 gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigowa da shi, duk da haka jarabar ba ta ƙare ba. Wanda ya bari yakan yi hamma, majina, amai, zawo, da ciwon ƙashi har ya ji kamar zai mutu. Wahalar takan yi tsanani a rana ta biyu ko ta uku, ta sauka cikin kwana 5 zuwa 10. Ba safai ita kanta take kisa ba, sai dai idan zawo ya ƙarar da ruwan jiki. Likita yana da magungunan sauƙaƙa ta.

Hatsarinsu yana gaba, bayan sallama. Jiki ya manta sabonsa, idan yaro ya koma ya sha adadin da yake sha dā, numfashinsa yana iya tsayawa. Ubangijinmu ya yi magana a kan gidan da aka share aka bar shi ba kowa. Asibiti yana shara ne kawai. Saboda haka tun kafin a sallame shi, dattawa su zauna su shirya wanda zai ɗauko shi, da gidan da zai kwana, da aikin da zai kama da safe, da wanda zai raka shi ranar komawa ganin likita. Kuɗin mota da na magani kuma a fitar daga baikon taimako, kada a bar wa matarsa ita kaɗai.