Amfani da Batirin Mota Wajen Cajin Kwamfuta da Waya a Zango

Birnin Abuja ya bunƙasa ƙwarai tun da aka yanke shawarar gina shi a shekarar 1976, aka kuma ƙaura da gwamnati zuwa cikinsa a watan Disamba na 1991. Duk da haka, in aka fita bayan gari aka nufi ƙauyukan Kwali ko Abaji ko Kuje, akwai wuraren da mutum zai kwana biyu bai ga turken lantarki ba. Ma'aikatan safiyo da malaman gona da masu allurar rigakafi sukan yada zango a irin waɗannan wurare, ga kwamfutar tafi-da-gidanka, ga wayoyi, ga tocila mai caji, kuma ba wata hanyar samun wuta sai motar da ta kai su. Amfani da batirin motar ba laifi ba ne, muddin an san iyakarsa.

Batirin ƙaramar mota, wanda asalinsa wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙago a 1859, yana da ɗakuna shida na darma da ruwan batir, kowane ɗaki yana ba da bolt biyu da 'yan kai. Shi ya sa ake kiransa mai bolt 12. Wutarsa tana gudana ta fuska ɗaya ne kawai, alhali kuwa wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce, kuma kai da komowa take yi. Waya tana bukatar kamar bolt 5, yawancin kwamfutoci kuwa 19 ko 20. Saboda haka lalle ne a sa wata na'ura a tsakani wadda za ta rage wutar ko ta ƙara ta.

Ga waya da tocila al'amarin mai sauƙi ne: ƙaramar caja ta mota, wadda ake cusawa a ramin kunna taba, ta wadatar. Kwamfuta ce ke da hanya biyu. Ta farko ita ce inbata, watau na'urar da ke mayar da bolt 12 ya zama 230, sa'an nan a jona cajar kwamfutar kamar yadda ake yi a gida. Wannan ita ce aka fi sani, amma ba ita ce ta fi kyau ba, domin an ɗaga wutar ne a sake sauko da ita, kuma a kowane mataki wani kashi yana salwanta ya zama zafi. Ta biyu ita ce caja ta musamman wadda ke ɗaga bolt 12 zuwa 19 ko 20 kai tsaye. Kwamfutocin da ke caji ta ramin USB-C suna karɓar irin wannan, in ƙarfin cajar ya kai abin da aka rubuta a jikin ta gida, alal misali wat 45 ko 65.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne lissafi. A jikin kowane batir akwai lambar da ke nuna yawan wutar da yake riƙewa. Wanda aka rubuta masa 60Ah, in an ninka sittin ɗin sau 12, ya ba da wat 720 na tsawon awa guda. Mai karatu zai iya zaton wannan dukiya ce mai yawa, tunda batirin kwamfuta yakan riƙe kamar 50, na babbar waya kuwa bai cika kai 20 ba. To, amma batirin mota an yi shi ne don ya ba da wuta mai ƙarfi na 'yan daƙiƙoƙi ya tayar da inji, sa'an nan injin ya mayar masa da abin da ya kashe. Ba a yi shi don a riƙa tatsarsa har ya ƙare ba, kuma in aka yawaita haka, kwanansa ya gajarce. Mai hankali ba zai ɗiba fiye da kashi ɗaya cikin biyar ba in injin yana kashe, watau kamar 140. Da aka cire asarar hanya, wannan ya isa a cika kwamfuta sau biyu, ko kwamfuta ɗaya da wayoyi uku. Tsohon batir kuwa ko haka ba zai jure ba.

Ƙaramar mita ta awon bolt, wadda kowane rewaya yake da ita, tana raba gardama. Batirin da ya huta, in ya nuna 12.6 cike yake, in ya sauka zuwa 12.2 rabi ya tafi. Ya kamata a daina caji tun yana 12.4. Sa'ad da injin ke aiki mita takan nuna wajen 14, alamar wuta tana komawa. Saboda haka lokacin da ya fi dacewa da caji shi ne sa'ad da ake tafiya a hanya, ba bayan an sauka ba. Wanda ya kwana yana caji a daji, da safe ya murɗa makulli ya ji shiru, zai gane cewa motocin zamani masu giya da kanta ba a tura su su tashi.

Ramin kunna taba yana da fis na amfiya 10 ko 15, watau ba zai ɗauki abin da ya wuce wat 120 zuwa 180 ba. Kwamfuta ba ta kai nan ba, amma dutsen guga ko tukunyar dafa ruwa ta wuce nesa. In fis ya ƙone, a sa irinsa. Al'adar nan ta ɗaura zaren waya a madadinsa ita ce ke cinna wa mota wuta. Babbar inbata sai an maƙala ta a kan batir da waya mai kauri, ja a wajen alamar tarawa, baƙa a wajen alamar ɗebewa, da fis kusa da batirin. Manyan motoci da yawa bolt 24 gare su, don haka a duba rubutun jikin caja kafin a jona.

Batirin da ke caji yana fitar da iskar haidurojin mai saurin kamawa, kada a kusance shi da taba ko ashana ko fitilar ƙwai. In an bar injin yana aiki a tsaye, hayaƙin salansa yana ɗauke da guba marar wari marar launi, wadda ke kashe mai barci bai farka ba. Kada a tayar da mota a rufaffen wuri, kada kuma salansa ta fuskanci tanti ko bukkar da mutane ke kwance. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke tsananta a Abuja, kada a bar waya ko kwamfuta tana caji a cikin mota a rufe a rana. A ajiye ta a inuwa, inda iska ke ratsawa.