Darasin Kimiyya: Me Ya Sa Tukunya Ke Yoyo, Fartanya Ke Karyewa?

Darasinmu na wannan wata ya shafi ƙarfe. Babu gidan da ba ƙarfe a ƙasar Buji. Fartanya da garma da lauje da gatari da tukunyar girki, duk ƙarfe ne. Mutum kan je kasuwar Gantsa ko ta Shuwarin ya sayi fartanya biyu rana ɗaya, kuɗi ɗaya. Ɗaya ta yi damina uku, ɗaya kuwa ta karye tun a noman farko. Uwargida kan sayi tukunya sabuwa fil, kafin wata ya ƙare ta fara tsiyaya. Sai a ce rashin sa'a ne. Masana ilmin ƙarfe sun bincika, sun gano dalili biyu. Na farko shi ne abin da aka haɗa a cikin ƙarfen. Na biyu kuwa shi ne yadda ya huce bayan ya fito daga wuta.

Aikin ƙarfe ba baƙo ba ne a ƙasarmu. A Taruga, kusa da Abuja, an tono wuraren dafa tama da suka haura shekara 2,000. Tarihin baka kuma ya ce maƙeran da suka zauna a Dala tun farkon Kano daga Gaya suka fito, suna neman tama. Gaya kuwa maƙwabciyar Dutse ce. A yau an daina dafa tama. Maƙeranmu da tsofaffin ƙarafa suke aiki, irin su sifirin mota da guntun rodi da gwangwani.

Zafin da ke narkar da ƙarfe

Kowane ƙarfe yana da zafin da yake narkewa. Ruwa yana tafasa a digiri 100 na ma'aunin zafi. Dalma tana narkewa a digiri 327. Alminiyam, wanda wasu ke kira sanholo, yana narkewa a 660. Tsantsar baƙin ƙarfe kuwa sai zafi ya kai 1,538.

Wannan ne ya raba aikin maƙera gida biyu. Wutar gawayi da zugazugi tana narkar da alminiyam har ya zama ruwa, a zuba shi cikin yashi ya fito tukunya ko ludayi. Wannan shi ne zubi. Baƙin ƙarfe kuwa wutar maƙera ja kawai take sa shi ya yi, ya yi laushi. Sai maƙeri ya kama shi da awartaki, ya ɗora bisa uwar maƙera, ya yi ta dukansa da masaba. Wannan ita ce ƙira.

Abin da ke faruwa cikin yashi

A lura da man shanu. In aka soya shi aka zuba a kwano lokacin hunturu, ta ina yake fara daskarewa? Ta gefe, inda ya taɓa kwano. Tsakiya ita ce ta ƙarshe. In ya gama daskarewa kuma za a ga tsakiyar ta ɗan lotsa.

Haka ruwan ƙarfe yake yi. Yana fara daskarewa daga inda ya taɓa yashi, ya bi a hankali zuwa ciki. Yana daskarewa yana tsukewa. Alminiyam kan rage kusan kashi 6 cikin 100 na girmansa a wannan lokaci. To, ina gibin zai tafi? Zai tsaya ne a wurin da ya daskare daga ƙarshe, wato wuri mafi kauri. In ba a ƙara ruwan ƙarfe a wurin ba, sai ya bar rami a ciki, ko 'yan ƙananan ƙofofi kamar na soso. Daga waje tukunya tana sheƙi, a ciki kuwa holoƙo ce. Shi ya sa sau da yawa matsala kan fito ta gindin kunnen tukunya, inda kauri ya haɗu da siriri.

Gwanin mai zubi ya san wannan, ko da bai taɓa shiga aji ba. Yakan cika mazurarin da yake zuba ƙarfen har baki. Wannan ragowar ta sama kamar rumbu ce. Tana nan da zafinta, tana ciyar da tukunyar da ruwan ƙarfe yayin da take tsukewa. Bayan an huce sai a yanke ta a mayar wuta. A manyan masana'antu ma haka ake yi, sai dai su da lissafi suke auna girman rumbun.

Abu na biyu shi ne danshi. Dole yashin zubi ya ɗan jiƙa don ya kama. Amma in ruwan ya yi yawa, zafi zai mai da shi tururi. Tururin ya shiga ƙarfen ya bar kumfa. Kumfar nan ita ce ƙofar yoyo. Akwai kuma haɗari babba. In ruwan ƙarfe ya haɗu da ruwa, fashewa yake yi ya fantsamu. Don haka kada a jefa jiƙaƙƙen gwangwani cikin narkakken ƙarfe. A hana yara tsayawa kusa da wurin zubi.

Abu na uku ido ba ya ganinsa. Ƙarfe ba dunƙule ɗaya ba ne. Ƙwayoyi ne ƙanana manne da juna, kamar gero a cikin dunƙulen fura. Masu bincike, irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da na cibiyar binciken ƙarafa ta ƙasa da ke Jos, sukan yanki ɗan guntun ƙarfe. Su goge shi har ya zama kamar madubi, su shafa masa ruwan asid, sannan su duba da madubin ƙara girma. A nan ƙwayoyin ke bayyana. Ƙarfen da ya daɗe kafin ya daskare ƙwayoyinsa manya ne. Wanda ya daskare da wuri ƙwayoyinsa ƙanana ne. Mai ƙananan ƙwayoyi ya fi ƙwari, ya fi jure duka. Dukan da maƙeri ke yi wa jan ƙarfe yana farfasa manyan ƙwayoyi, yana kuma toshe ramukan ciki. Wahalar masaba ba ta banza ba ce.

Ɗan gishirin da ke cikin ƙarfe

Tsantsar baƙin ƙarfe yana da laushi. Abin da ke ba shi ƙarfi shi ne kabon, sinadarin da gawayi ya ƙunsa. Kamar gishiri yake a miya, kaɗan ake so. Ƙarfen gwangwani da na kwanon rufi kabon ɗinsa bai wuce kashi ɗaya cikin 400 ba. Irin wannan lanƙwashewa yake yi, kuma ba ya riƙe kaifi. Sifirin mota yana da wajen kashi 6 cikin 1,000. Shi ya sa maƙera ke nemansa don gatari da adda da wuƙa. In kabon ya kai kashi 2 zuwa 4 cikin 100, an sami ƙarfen zubi. Irinsa ne a jikin keken ɗinki na da, da faifan da ke cikin injin niƙa. Yana da tauri, amma in ya faɗi da ƙarfi fashewa yake yi kamar kasko. Ba ya ƙeruwa.

Ga inda sanyaya ke sake shigowa. In maƙeri ya gasa bakin gatarin sifiri ya yi ja, ya tsoma shi cikin ruwa nan take, zai yi tauri ƙwarai. Amma taurin gilashi ne, dutse kaɗan zai ɓalle masa baki. Dole ya sake ɗumama shi kaɗan, ba har ya yi ja ba, sannan ya bar shi ya huce. Wannan ɗumi na biyu shi ke rage masa gautsi. Mai gaggawa kan tsallake shi don kayan su kai kasuwa da wuri, manomi ne kuma zai biya kuɗin gaggawar a gona. Ƙarfe marar kabon sosai kuwa, ko sau goma aka tsoma shi a ruwa, ba zai yi wani tauri ba.

Dalma a tukunya

Mutane da yawa suna ce wa tukunyar zubi tukunyar dalma. Suna ne kawai, domin da alminiyam ake yin ta. Dalma ta gaskiya ita ce ƙarfe mai nauyi da ke cikin batirin mota, kuma guba ce. A shekarar 2010 gubar dalma ta kashe yara kusan 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Can daga duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gida ta fito. Amma tana iya shiga gida ta hanyar tukunya. Wani bincike da aka buga a 2014 a kan tukwanen zubi na ƙasar Kamaru ya nuna dalma tana fita daga jikinsu in an dafa abu mai tsami. Dalilin shi ne tarkacen da ake narkarwa, irin su kayan injin mota da lagireto mai lici.

Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ta rage masa fahimta, kuma ba a gane ta da ido ko ɗanɗano. Muna roƙon masu zubi su ware tarkacensu. Gwangwanin lemo da tsofaffin tukwane da kwanuka sun fi dacewa da tukunyar abinci. Duk abin da ya fito daga batir kada ya kusanci wutar.

In za a saya

A riƙe tukunya ta kunne, a ƙwanƙwasa ta da ɗan ƙarfe. Mai lafiya tana amo mai tsawo. Mai tsaga amonta gajere ne, a dakushe. A duba cikinta da gindin kunnuwa a hasken rana, ko akwai 'yan ramuka ko wurin da aka liƙe aka goge. In mai kaya ya yarda, a cika ta da ruwa a ajiye a busasshen wuri na ɗan lokaci. A tambaye shi da me ya yi ta. A gida kuma kada a bar zoɓo ko kunun tsamiya ko miyar tumatir su kwana a cikinta. Tsami da kanwa duk suna cin alminiyam.

Fartanya da gatari kuwa, a tambayi maƙeri irin ƙarfen da ya yi aiki da shi. A ɗan goga magagari a bakin. In ya ci ƙarfen cikin sauƙi kamar itace, bakin ba zai daɗe ba. In ya zame sam bai kama ba, taurin ya yi yawa, yana iya ɓallewa. Wanda ake so shi ne wanda magagari ke kamawa da ƙyar.

Malaman ajin yaƙi da jahilci za su iya gayyato maƙerin gari ya zo da guntun sifiri da guntun ƙarfe mai laushi. Ya gasa su, ya tsoma su a ruwa a gaban ɗalibai, sannan kowa ya gwada su da magagari, ya rubuta abin da ya gani a littafinsa.