Yadda Ake Gudanar da Gwajin Stroop a Kwamfuta

Gwajin Stroop na cikin ayyukan farko da ake ba ɗaliban ilimin halayyar ɗan Adam a jami'a, domin yana nuna yadda karatu ke zame wa mutum jiki har ya kasa hana idonsa karanta abin da ya gani. John Ridley Stroop ne ya wallafa shi a 1935, yana Kwalejin George Peabody da ke Nashville a Amurka. Ya buga sunayen launuka da tawadar da ta saɓa wa sunan, ya nemi mutane su faɗi launin tawadar kawai. Faɗin launin murabba'ai 100 marasa rubutu ya ci musu kimanin daƙiƙa 63, amma da aka kawo kalmomi masu saɓani sai da suka kai daƙiƙa 110.

Ɗalibi yana farawa da rubuta hasashensa tun bai taɓa kwamfuta ba, sannan ya nemi amincewar kwamitin ɗa'ar bincike. Duk wanda za a gwada sai ya yarda da kansa, kuma yana da ikon janyewa duk lokacin da ya ga dama. Ana duba ganinsa da hotunan Ishihara, saboda wanda ba ya rarrabe ja da kore zai ɓata lissafi.

Daga nan sai a shirya kalmomi, misali ja, kore, shuɗi da rawaya. Rabi suna fitowa da launin da ya dace da sunansu, rabi da wanda ya saɓa. Wajibi ne su zama cikin harshe da rubutun da mutum ya ƙware a kai. Wanda ajami ya fi zauna masa, idan aka nuna masa boko, kalmar ba za ta ja hankalinsa sosai ba, sai tasirin ya ragu.

Ana gina gwajin da manhaja irin PsychoPy, wadda Jonathan Peirce ya ƙirƙira a Jami'ar Nottingham, kuma kyauta ce. Alamar gicciye takan bayyana a tsakiyar allo na kusan rabin daƙiƙa, kalma ta biyo baya, mutum ya danna maɓallin launin, manhajar ta rubuta lokacin da ya ɗauka. Ana cakuɗa jerin kalmomin, a kuma fara da zagayen atisaye har yatsu su saba.

Wajen auna lokaci ne ake yawan sakaci, alhali nan ne aikin yake. Ana auna lokacin da milisakan, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa. Allon da ke sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa yana canzawa ne duk bayan kimanin milisakan 17, maɓallai ma suna da nasu jinkirin. Shi ya sa ya kamata kowa ya yi gwajin a kan na'ura ɗaya, a ɗaki marar hayaniya, da umarni iri ɗaya.

Wajen lissafi, ana ware amsoshin kuskure da waɗanda suka zo ƙasa da kimanin milisakan 200, don waɗannan yawanci caca ce. Sai a fitar da matsakaicin lokacin kowane mutum a yanayi biyun, a kwatanta su da gwajin t na ma'aunai masu haɗi, tunda mutanen ɗaya ne. Ana kawo adadin kurakurai a rahoto, domin wani yakan yi sauri ne kawai saboda ya bar kula. Bayan an kammala, ana bayyana wa mahalarta manufar binciken, a adana bayanansu da lamba maimakon suna.